Giginyar Tagulla

Duk wanda ya kwana biyu a Shagari ya san Mainasara mai 'yar tsegumi. 'Yar tsegumin na'ura ce ta gano ƙarfe a cikin ƙasa, sanda doguwa mai faifai a ƙarshenta, da ɗan akwati kusa da mariƙi, da abin sawa a kunne. Matan unguwa ne suka raɗa mata sunan, wai don ba abin da ƙasa za ta ɓoye ba ta tona shi ba. Sunan ya kama ta, ya kama mai ita, har yau ko katin ɗaurin aure za a kawo masa sai an rubuta shi a jiki.

Shekara tara Mainasara ya yi a ramukan zinari na dajin Zamfara, yana riƙe wa wani mai hali wannan na'ura. Ranar da 'yan bindiga suka sauko wa wurin, mai halin ya faɗa motarsa ya yi gaba, ko waiwaye bai yi ba, ya bar shi tsaye da sanda a kafaɗa. Kwana uku yana tafiya a ƙasa kafin ya ga kwalta. Haka ya shigo gidan ubansa yana da shekara arba'in da biyu, ba zinari ko na ƙwayar gero, sai ƙafafu a kumbure. Ƙannensa biyu sun riga sun ja katangarsu, sun sayi babura. Shi kuwa ɗakin da ya bar matarsa Zulaihatu da 'yarsu Bahijja a ciki, nan ya dawo ya same su, ko asabarin ƙofa ba a canja ba.

Komawa dajin babu hali. Sayar da na'urar ma babu hali, don a 'yan shekarun nan wanda duk aka ga yana cinikin kayan haƙar zinari, to an sa masa ido ke nan. Sai ya zauna, ya mai da ita abin neman abinci. Masu albasa a fadama sukan toshe bakin fayif ɗin rijiyarsu in damina ta zo, ruwa ya kawo laka ya binne, rani ya yi a rasa inda yake. Mainasara kan zo ya yi ta shara da faifansa a hankali, dab da ƙasa, ya dangwala diddige ya ce a tona nan. A gidajen biki yakan nemo ɗan kunne, a bakin tasha makullin babur. Kunnensa ya san muryar kowane ƙarfe. Baƙin ƙarfe gurnani yake yi, tagulla tana da murya wasai, azurfa kuma siririn kuka gare ta mai shiga har haƙori. Ana sallamarsa da abin da ya sawwaƙa, wata rana kwanon albasa, wata rana "Allah shi yi albarka" tsurarta. Ba ya ƙorafi, amma abin yana cin sa, musamman in an zauna shawarar gida aka tsallake shi aka tambayi ƙaninsa.

Gidan nasu kuwa ba shi da dukiyar da ta wuce labari ɗaya. Ubansa, Malam Sama'ila, tsoho ne mai shekara tamanin da 'yan kai, yanar ido ta rufe masa gani, kuma abin da ya rage yana riƙe da shi a duniya shi ne labarin kakansa Ɗanliti. Wai shekarar da Turawa suka zo Sakkwato, Ɗanliti yana saurayi ya bi jama'a ya tafi, ya tsaya tare da mayaƙan Sarkin Musulmi a fagen Giginya, inda aka yi karon ƙarshe. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan shekara bakwai. Ya dawo yana ɗingishi, ya sari gona gabas da gari, ya yi aure, bai taɓa buɗe baki ya ce ga abin da ya gani ba. Malam Sama'ila ya riske shi yana ƙarami. Yakan ce tsohon ba ya dariya, ba ya son ƙaurin bunu in yana ci da wuta, kuma har ya mutu bai taɓa taka hanyar Danchadi ba, ko da kuwa gaisuwar mutuwa ce. Mutanen gidan suka fassara shirun da baƙin cikin faɗuwar daula, a kansa suka gina sunansu, ake ce musu gidan na-Giginya.

Ba kowa ya yarda ba. Akwai Hassan mai albasa, abokin wasan Malam Sama'ila tun suna kiwon awaki, wanda in la'asar ta yi bai zo zaure ya tsokane shi ba, to ba shi da lafiya.

"To na-Giginya, ina takobin? Ina ko ɗan kube? Ni dai kakana cewa yay yi naku fataucin goro yat tahi Gwanja, yak karye, kunya ta hana shi hwaɗi."

Malam Sama'ila yakan yi dariya ya rama. Shekara sittin ana yi masa wannan tsiya, ba shi da ko ƙusa da zai nuna.

Kakar bara waccan, bayan an kwashe gero, aka ce wani noti na garmar shanu ya faɗi a gonar gado, wajen babban gawon da ke tsakiya. Aka tura Mainasara, don irin wannan aiken ne kawai ake tuna shi. Ya je da hantsi, ya yi ta shara, noti ya ƙi fitowa. Yana dab da gindin gawon sai kunnensa ya cika da muryar tagulla. Ya tona bai fi taki ɗaya ba, ya ciro wani ɗan abu mai faɗi, bai kai tafin hannun jariri ba, kore ya rufe shi, da 'yan ƙugiya biyu a bayansa. Ya tofa masa yawu ya murza, sai ga siffar itace. Kafin ya tashi ya sake wuce faifan a kan ramin, ya ji wani siririn kuka can ƙasa. Ana jiransa a fadama, sai ya mai da ƙasa ya ce wata rana ya dawo.

Don wasa ya miƙa wa tsohon abin a zaure, ya ce ga abin da gona ta ba su maimakon noti. Malam Sama'ila ya karɓa, ya bi shi da yatsa daga ƙasa zuwa sama, ya sake bi.

"Wanga icce na. Dogo, babu reshe, kai na bisa." Ya tsaya. "Ina kas samo shi?"

"Gindin gawo, Baba. Gonar gado."

"Giginya ta!" in ji tsohon. "Wallahi giginya ta! Alamar mutanen Giginya ta! A kira man Hassan, a kira man shi yanzun ga!"

Hawaye suna bin gemunsa lokacin da Hassan ya shigo. Hassan ya karɓa, ya nisanta shi da ido, ya kusanto, ya juya shi, ya ce, "To, icce dai dogo na," ya nemi wuri ya zauna. Wannan ce rana ta farko da aka ga bakinsa ya mutu. Mako guda zauren bai rabu da mutane ba. Kuma a yi wa jama'a adalci: a garin nan, a ciro dogon itace marar reshe daga gonar na-Giginya, wa zai tsaya yana ƙirga ganye? Kowa ya zo da giginyarsa a ka, ya duba ya gan ta.

Mainasara ya wayi gari mutum. Aka shimfiɗa masa buzu kusa da na ubansa, ƙannensa suka fara rage murya in yana magana, tsohon ya koma kiransa magajin Ɗanliti. Ya ji daɗi, kada ma a yi ƙarya. Shekara biyu ke nan da dawowarsa, sai a makon nan ya ji ya iso gida.

Wadda ta fi kowa murna bayan tsohon ita ce Zulaihatu, kuma tana da dalili. 'Yar Danchadi ce, amma asalin mahaifiyar kakarta Satiru ne, ƙauyen nan na kusa da Danchadi da ya tayar wa Turawa shekara uku bayan Giginya, sojoji suka zo suka ƙone shi ƙurmus, aka watsa wanda ya yi saura. Yarinya ce 'yar shekara bakwai aka janyo ta daga cikin bukka tana ci da wuta, ta girma a Danchadi da hannu ɗaya a shanye, zuriyarta suna kiranta Inna Babba. Zulaihatu ta durƙusa daga bakin zaure ta roƙi surukinta ya bar ta ta riƙa wanke alamar. Kowace Juma'a da safe takan jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka, ta zauna tana gogewa a hankali.

"Baban Bahijja," ta ce wa mijinta, "ashe jininku ya taɓa tsayawa gaban waɗanda sunka ƙone su Inna Babba. Ashe gidan maza anka kawo ni ban sani ba."

Ran Juma'a ta uku ta miƙo masa alamar tana walƙiya, don ya mayar wa Baba. Ya tsaya a tsakar gida ya dube ta da kyau, karo na farko ba kore a jikinta. Giginya tana da ciki a tsakiyar jikinta, ganyenta a buɗe yake kamar mafici. Wannan kuwa siririya ce tun daga ƙasa, ganyenta dogaye suna zubowa gefe-gefe irin na dabino. A ƙarƙashinta, inda tsamiya ta fara cin datti, wasu haruffa suna leƙowa, kuma na boko ne. Mainasara ya yi firamare har aji shida. Me mayaƙin Sarkin Musulmi zai yi da rubutun boko?

A ranar ya kai ta wurin baduku, ya ce hannun jama'a zai cinye ta, a kewaye ta da jar fata irin yadda ake yi wa madubin mata, a rufe ƙasan da kyau, a bar itacen kawai. Da ya kawo, tsohon ya shafa ɗinkin ya yi ta sa masa albarka saboda wannan tunani. Mainasara ya amsa yana kallon ƙasa.

Washegari da safe ya koma gindin gawon shi kaɗai. Ya tona kamu ɗaya da rabi, fartanya ta daki wata 'yar tukunya da aka rufe bakinta da katangar fasasshen tulu. A ciki akwai ruɓaɓɓen tsumma, a cikin tsumman wani abu na azurfa kamar tsohon kuɗi, rataye da ɗan ƙarfe. Fuska ɗaya kan wani Bature ne mai sanƙo da gemu, ɗaya fuskar mace ce da zaki. A jikin ɗan ƙarfen an rubuta N. NIGERIA 1906.

Bai tambayi kowa a Shagari ba, don a Shagari tambaya ba ta kwana a inda aka yi ta. Ya jira ranar kasuwar Bodinga, ya je wurin Malam Bala, wani tsohon hedimasta da ya yi suna wajen sanin tarihi, wanda ke wuni a rumfar wani tela yana gyara wa mutane labarin kakanninsu ko ba su tambaye shi ba. Mainasara ya gaishe shi, ya nuna masa hotuna biyu a waya, ya ce a fadamar wani mutum ya tono su can wajen Sifawa.

Malam Bala ya gyara tabarau, ya buɗe hoton farko da yatsu.

"Wanga icce kwakwa na, na manja, irin na Kurmi. Alamar rundunar da Turawa sunka kahwa ta, ta 'yan ƙasa da sunka ɗauka aikin soja. Ga hula aka maƙala ta."

"Allah shi gahwarta Malam, ba giginya ba ta?"

"Kai, wace irin giginya? Ba ka da ido?" Ya wuce hoto na biyu. "Wagga kuwa lambar yabo ta. Ba kowa anka ba ita ba, sai sojan da yay yi yaƙin shekarar da ke rubuce."

"Wane yaƙi na, Malam?"

"Biyu na. Satiru da Haɗeja. In ka koma ga mai ita, ka duba gehenta, kewaye. Nan suka sassaƙa lambar soja da sunanai, galibi har da sunan garinsu. Ka kawo man in gani, in ka samu hali."

Mainasara ya yi godiya ya tashi. Lambar tana cikin aljihun 'yar cikinsa duk wannan lokacin. Ya zaga bayan kara, inda ake ɗaure awaki, ya tsuguna kamar mai kama ruwa, ya fito da ita ya murza gefenta da babban yatsa. Da farko lambobi, sannan haruffa ƙanana a jere: DAN LITI SHAGARI. Sau uku ya karanta, ko Allah zai sa ya yi kuskure.

A motar komawa ya kama Haɗeja ya riƙe. Haɗeja da nisa, bai san kowa a can ba, ba ya cin tuwon kowa daga can. Amma mutumin da ya yi yaƙi a Haɗeja, me zai hana shi taka hanyar Danchadi shekara arba'in? Me ya haɗa shi da ƙaurin bunu? Kafin su shiga Shagari ita ma Haɗejar ta kuɓuce masa.

Ya ji haushin Ɗanliti ƙwarai, haushi irin wanda ake yi wa mai rai. Bayan kwana biyu kuma tausayinsa ya kama shi. Wa ya san yadda aka yi? Ko yunwa ce bayan an watse, ko kama shi aka yi, ko dai ƙuruciya ce da kwaɗayin riga da bindiga. Shi ma Mainasara ya san yadda mutum ke fita gida da niyya ɗaya ya dawo da abin da ba ya iya faɗa. Tsohon dai bai yi wa kowa ƙarya ba, shiru ya yi ya binne kayansa. Na baya ne suka ɗauki shirun suka yi masa ado.

To, yanzu ya zai yi da lambar? Ya je bakin dam ya tsaya da ita a hannu, ya kasa jefawa, don ji ya yi kamar gawar kakan zai jefa. Ya yi tunanin maƙerin azurfa, ya tuna maƙeri sai ya juya abu ya karanta kafin ya sa a wuta. Ɗaki kuwa ba wurin ɓuya, ɗaki ɗaya ne, kuma ba lungun da tsintsiyar Zulaihatu ba ta shiga.

Sau ɗaya ya yi niyyar faɗa wa tsohon. Ya same shi shi kaɗai bayan azahar, ya zauna, ya ce, "Baba, akwai wata magana."

"Hwaɗi, magaji," in ji Malam Sama'ila, hannunsa a kan jar fatar da ke rataye a ƙirjinsa. "Ni dai yanzu ko yau mutuwa taz zo, na shirya. Abin da nika jira tun ina yaro na gan shi, ko da da yatsa na gan shi. Mi ka son cewa?"

Mainasara ya ce dama maganar takin bana ce.

Zulaihatu kuwa ko gwadawa bai yi ba. Ba tsoron faɗanta yake ji ba, don ita ba mai faɗa ba ce. Tsoronsa kada ta daina kallonsa yadda ta fara, kada kuma ta dubi Bahijja ta tuna jinin wa da wa ya haɗu a jikinta. A ƙarshe ya mai da lambar cikin tukunyarta, ya rufe da katangar, ya binne a inda mai ita ya ajiye, ya tattake ƙasar, ya watsa busasshen ganye a kai.

Da ya huta ke nan, in ba don Hassan ba. Mai tsiya ba ya daɗewa a kwance. Wata biyu ya yi yana jinyar kayen da ya sha, sannan ya dawo zaure da sabuwar waƙa.

"Alama dai mun gani, mun yarda. Takobin hwa? Mayaƙi ba ya binne alama shi bar takobi."

Maganar ta shiga tsohon. Ya ce lallai gaskiya ne, takobin yana nan, kuma kafin ruwa ya sauka sai an share gonar gado kaf, a gaban shaidu, shi ma da kansa zai je. Mainasara ya ce batir ya yi sanyi, ƙaninsa ya sayo sabo. Ya ce rana ta yi wa Baba zafi, aka ce da sassafe za a fita. Ba sauran ƙofa.

Ranar Asabar aka ɗora Malam Sama'ila a babur, shi da ya shekara biyu bai wuce masallaci ba. Liman ya zo, Hassan ya zo, maƙwabtan gona suka zo, har da waɗanda ba a gayyata ba. Mainasara ya ɗauki abin kunnensa zai sa, zuciyarsa tana cewa ai da wannan shi kaɗai zai ji.

"Cire abin ga," in ji tsohon. "Ni ba ni gani. Bari in ji da kunnena."

Ya cire. Na'urar ta koma kuka a fili, kowa yana ji. Tsohon ya kama gwiwar hannunsa ta dama, hannun da ke riƙe da sandar, suka fara tafiya tare daga iyakar yamma, kunya bayan kunya. Ta yi gurnani aka tono guntun fartanya. Ta sake yi aka tono gwangwanin madara, Hassan ya ce ga kwalkwalin yaƙin Ɗanliti ya fito, aka yi dariya. Har notin garmar nan da ya jawo komai, ran nan ya ga damar bayyana. Mainasara yana jan ƙafa, yana zagaye, amma gona tana da iyaka, kuma gawon yana tsakiyarta.

Da suka shiga inuwarsa zufa ta riga ta jiƙa masa riga. Taki uku, taki biyu. Da faifan ya zo kan wurin sai ya ɗaga shi sama kamar taki ɗaya, ya wuce da shi, na'urar ba ta ce komai ba. Masu ido ba wanda ya lura. Amma makaho yana riƙe da hannun.

"Don mi kaɗ ɗaga hannu?"

"Saiwa ta, Baba."

"Babu saiwa nan. Na noma wurin ga tun ba a haihe ka ba. Koma, ka kwantar da ita ƙasa."

Akwai wani ɗan maɓalli a gefen akwatin da ake murzawa a rage wa na'urar ji. A ramukan zinari yaran aiki sukan kashe shi da babban yatsa in sun zo kan wuri mai kyau mai gida yana tsaye, su wuce kamar ba komai, daga baya su dawo su kaɗai. Shekara tara Mainasara yana ganin ana yi bai taɓa yi ba, shi ya sa ma ya dawo gida hannu banza. Ran nan, ubansa yana riƙe da gwiwar hannunsa, ya murza shi har ƙarshe. Ya kwantar da faifan ya goga shi a ƙasa, gaba da baya, sau uku. Tsit.

Tsohon ya saurara ya saurara, sannan ya saki ajiyar zuciya.

"To, a sake dai," in ji Hassan. "Wataƙila 'yar tsegumin ta gaji."

"A'a," in ji Malam Sama'ila. "In Mainasara ya ce babu, to babu. Wanga ɗa bai taɓa yi man ƙarya ba, ko yana yaro." Ya juya inda yake jin numfashin liman. "Liman, ka shaida. Daga gawon ga hal iyakar gabas na ba shi, kyauta, ina da raina. Shi yat tono muna mutuncinmu, shi ya kamata shi riƙe wurin."

Aka yi ta cewa Allah shi sanya albarka. Mainasara ya durƙusa ya yi godiya, tsohon ya ɗora masa hannu a ka, ya ji yana rawa, ya ce wa jama'a su duba yadda murna ta kama yaron.

Yau shekara biyu ke nan. Malam Sama'ila yana nan da ransa, giginyarsa a ƙirji, Hassan yana nan yana neman takobi da baki. Da rani bara wasu manoman shinkafa daga wajen Kabi suka aiko wa Mainasara, suna son ya je ya zauna da su ya riƙa nemo musu fayif, da ɗaki da komai, har iyali in yana so. Irin damar da ya yi ta roƙon Allah ke nan tun dawowarsa. Ya ce ba zai samu zuwa ba. Ƙannensa sun fara maganar hayar tarakta, kuma tarakta ba ta san iyakar kyauta ba, haƙoranta suna shiga ƙasa fiye da garmar shanu. In ya ɗaga ƙafa daga garin, wa zai tsaya a gindin gawon? Ko kwana ɗaya ba ya yi a waje yanzu.

Gindin gawo shi ne wuri mafi kyau a kowace gona, kowa ya san haka, amma shi ba ya shuka komai a nasa. Nan yake jibge karan dawa, ya kewaye da ƙaya. Mutane suna cewa aljanu yake tsoro, yana bari su faɗa. 'Yar tsegumi tana nan tana aikinta a fadama da gidajen biki, sai dai ba ya bi da ita ta gabas da gari.

Ran Juma'a da safe kuwa ba abin da ya canja. Zulaihatu takan karɓo alamar daga zaure, ta zauna a ƙofar ɗaki da tsamiyarta da tokarta, ta goge itacen a hankali kada ta jiƙa fatar. Tun da aka ɗinka ta take cewa badukun ya cika hannu, ya rufe wuri da yawa, wata rana sai ta sa an farke an sake. Mainasara yakan ce a bari sai bayan salla. In ta gama takan ɗaga ta ga rana, Bahijja tana gefenta tana tsince shinkafa, ta yi addu'ar da ta saba.

"Allah shi jiƙan Kaka Ɗanliti, shi saka mai da abin da yay yi ma mutanenmu."

Sai ta dubi mijinta tana jira. Shi kuma ya ce amin.